Injin MGB da ya shekara 20 a ajiye: abin da za ka iya yi a gida da abin da ya fi ƙarfin gareji

Tambaya: Na samu MGB ƙirar 1969 wadda ta yi kusan shekara 20 ba a tayar da ita ba. Jikinta da sauran kyau, amma injin ya ƙi juyawa ko da hannu. Ina ɗan taɓa gyaran mota, kuma ina da gareji a gida. Zan iya sauke injin in sake haɗa shi da kaina? Kuma in yi odar fistin, ringi da metal tun yanzu don su iso kafin in fara?

Amsa: Malam, za ka iya, kuma ka yi dacen mota. Injin da ke cikin MGB shi ne wanda kamfanin BMC ya kira B-series, mai silinda huɗu da girman 1798cc, bulok da tof, wato kan injin, duk na ƙarfen zubi, kamshaf ɗaya a cikin bulok yana tura bawul ta hanyar fushrod. Babu kwamfuta, babu wata dabara da aka ɓoye wa mai gyara. An ƙera motar a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, an fitar da fiye da rabin miliyan, shi ya sa har yau ana buga kayan gyaranta sababbi. In mutum zai koyi haɗa inji, da wuya ya samu wanda ya fi wannan haƙuri da ɗan koyo.

Amma tambayarka ta biyu, amsarta a'a ce. Kada ka sayi fistin, kada ka sayi ringi, kada ka sayi metal, wato faifan beyarin da karanshaf yake juyawa a cikinsu. Waɗannan kayan ba girma ɗaya suke zuwa ba. Fistin akwai na asali, akwai wanda aka ƙara wa inci 0.020, da 0.030, da 0.040, har 0.060. Metal kuma yana bin yawan abin da aka rage wa karanshaf ne, 0.010 ko 0.020 zuwa sama. Motar da ta haura shekara 50 a duniya, ba ka san hannu nawa ya shiga injinta kafin kai ba. Wataƙila an taɓa yi mata borin, wato faɗaɗa ramin silinda, tun a shekarun 1980. Awo ne zai gaya maka abin da za ka saya, kuma awon ba ya yiwuwa sai an kwance an wanke.

Yana da kyau ka san abin da zama yake yi wa inji, domin shi zai nuna maka inda za ka sa ido. Duk lokacin da aka kashe inji mai silinda huɗu, akwai bawul ɗin da suka tsaya a buɗe. Ta nan iska mai laima take shiga, ta kafireto ko ta salansa, shekara da shekaru, har ringi ya manne da bangon silinda da tsatsa. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar silinda ɗaya ko biyu ne suka ci, sauran kuma lafiya lau. Tsohon baƙin mai da ya yi aiki kafin a ajiye motar yana ɗauke da asid da ruwa, yana zaune a kan metal yana cinsa a hankali. Ruwan lagireto ya daɗe da rasa sinadarin da ke hana tsatsa, don haka laka mai ruwan ƙasa ta taru a cikin bulok, musamman ta baya, wajen silinda ta huɗu inda ruwa bai cika gudu ba. Fetur ya bushe ya bar danƙo mai wari a tanki da famfo da kafireto. Duk abin da yake na roba ya ƙandare.

Kafin ka ɗauki sufana ka fara kwancewa, ba injin dama ya gaya maka labarinsa. Zare ma'aunin mai ka duba: in ya yi fari-fari kamar an dama, ruwa ya shiga. Kwance noti na ƙasan botom filet a hankali, ka ga abin da zai fara fitowa, domin ruwa ya fi mai nauyi, shi yake kwanciya a ƙasa. Cire fulogi huɗun ka jera su yadda suke, ka duba wanne ne ya yi tsatsa. Buɗe murfin roka, ka ɗan bugi kan kowane bawul da guduma mai kan roba, ka ga yana sauka yana dawowa. Bawul ɗin da ya maƙale, in aka tilasta injin ya juya, shi yake lanƙwasa fushrod.

Sannan ka zuba man sakin tsatsa ko man giya na otomatik a kowace silinda ta ramin fulogi, ka bar shi kwanaki. Bayan nan ka sa motar a giya ta huɗu, ka saki birkin hannu, ka riƙa tura ta gaba da baya a hankali. Wannan jijjigar ta fi kowane dogon ƙarfe amfani. Abubuwa biyu na hana ka: kada ka ɗaura batir ka buga kik don ka ga ko zai sake, kuma kada ka zura bututu a hannun sufana ka haye notin fulin gaba. Ringi ne yake karyewa, ko kwanrod ya lanƙwashe, ko notin ya tsinke, ka ƙara wa kanka aikin da da babu shi.

Idan ya sake, wasu za su ce maka ka canja mai da fulogi ka tayar kawai. Injin da ya zauna shekara uku ko huɗu yana juyawa sumul, ni ma haka zan ce, bayan an gwada kamfireshan an ga silindojin ba su bambanta da juna fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Amma wanda ya shekara 20 har ya ci, ra'ayina a buɗe shi. Tsatsar da ta riƙe ringi ba ta ɓace don ya motsa ba, tana nan a jikin bango, kuma ringin zai kankare ta ya aika cikin mai. Zai tashi, zai ma yi ƙara mai daɗi, bayan wata biyu kuma ya fara hayaƙi.

Kayan aiki ba su da yawa. Ka fara da littafin gyara na motar, wanda ke ɗauke da duk awo da ƙarfin ɗauri, domin lambobin suna ɗan canjawa daga wani rukunin inji zuwa wani. Dubi lambar da ke kan ɗan faranti a gefen bulok ka tabbatar da rukunin naka, kada ka dogara da shekarar motar, don ana sauya wa waɗannan motoci inji sosai. Sufanoninka su zama na inci, irin su 7/16 da 1/2 da 9/16. Na milimita za su shiga kamar sun yi daidai, su cinye kan noti. A jikin kafireto da bututun fetur za ka haɗu da wasu notukan na tsohon awon Ingila da ba su dace da kowanne ba, sai ka bi su a hankali. Kana bukatar sufanar auna ɗauri, filageji na auna tazara, maikuromita na auna kauri, abin matse ringi, abin danne sifirin na bawul, cen-bulok ko kuren ɗaga inji, da ƙarfen da ake ɗaure inji a jiki a riƙa juya shi. Wannan na ƙarshe mutane suna raina shi, alhali haɗa inji a ƙasa kana tsugune shi ne hanyar da ƙasa take shiga metal.

A MGB an fi fitar da inji tare da giyabos a haɗe, a karkace, hanci sama. Ba a iya sauke giyabos shi kaɗai ta ƙasa, wanda ke nufin duk ranar da kuloci ya mutu sai an sake ciro inji. Saboda haka ka sa sabon kuloci gaba ɗaya yanzu, har da abin sakinsa na gawayi, ko da tsohon ya yi maka kyau a ido. Ƙurar tsohon faifan kuloci da wasu tsofaffin gaskit na iya ɗauke da asbestos, kada ka hure ta da iska, ka jiƙa ta ka goge. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Wajen kwancewa, ƙa'ida ɗaya ce take da muhimmanci: duk abin da ya yi aiki da wani, ya saba da shi, dole ya koma inda ya fito. Ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu. Huda kwali ramuka takwas ka jera fushrod, wani kwalin ka jera bawul, ka rubuta inda gaba yake. Murafen men metal, waɗanda ke riƙe karanshaf a jikin bulok, guda biyar ne a injinka in na asali ne, domin daga ƙarshen 1964 aka bar mai uku aka koma mai biyar. Kowane murfi an gyara raminsa ne yana ɗaure a mazauninsa, ba ya musanyuwa da ɗan'uwansa, ba a kuma juya fuskarsa. Haka murfin kowane kwanrod. In babu lamba a jiki, ka buga musu alama kafin ka kwance. Notukan tof ana sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. In tof ɗin ya ƙi tashi, tsatsa ce ta kama shi a jikin sitod, ka jiƙa da mai ka jira, kada ka cusa sukundireba tsakaninsa da bulok.

Fistin ɗin da ya ƙi fita, ka kwance murfin kwanrod ɗinsa, ka cire karanshaf in ya samu, ka goge tsatsar saman silinda, ka ɗora guntun katako mai faɗin fistin ka buga. Fistin ya lalace ba komai, da ma ba lallai ya koma ba. Bulok da kwanrod ne abin tattali.

Yanzu ga inda aikin yake. Wanke komai sama-sama, sannan ka zauna ka yi awo, ka rubuta a takarda.

Faɗin silinda na asali milimita 80.26 ne. Silinda ba ta cinyewa daidai-wa-daida. Ta fi ci a sama, dab da inda ringin farko yake tsayawa ya juya, domin a nan zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Ta kuma fi ci ta gefen da fistin yake jingina in wuta ta tura shi. Don haka a kowace silinda za ka auna sama, tsakiya da ƙasa, kuma a kowane wuri sau biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye. Bambancin sama da ƙasa, da bambancin tsaye da gicciye, su ne suke yanke hukunci. Sa farce a bakin silinda: in akwai ɗan tudun da farce yake kamawa sosai, an ci da yawa. Idan ba ka da ma'aunin cikin silinda, akwai dabara. Zura ringi ɗaya cikin silindar, ka daidaita shi da kan fistin, ka auna tazarar bakinsa da filageji a sama, ka tura shi ƙasa ka sake aunawa. Bambancin da ka samu ka raba shi da 3.14, shi ne kusan bambancin faɗin. Sai tabon tsatsa. Wanda ya tsaya a launi kawai, honin, wato goge bangon silinda da dutse, zai ɗauke shi. Wanda ya yi rami har yatsa yana ji, sai borin, domin ringi ba ya iya toshe rami, mai zai riƙa wucewa ta nan yana ƙonewa.

Karanshaf ma haka. Kowane wuya ka auna shi da maikuromita a wurare biyu, ta fuska biyu. Ja farce a kai, in yana tuntuɓe da zane, sai girandin, wato a rage kaurin wuyan da injin sassaƙa. Juya tsofaffin metal ka karanta bayansu, galibi an buga girman a nan, shi zai gaya maka ko an taɓa rage karanshaf ɗin. Fuskar metal ɗin kuma tana da bayani: in jan ƙarfe ya bayyana, ya ƙare, in akwai ƙananan ramuka, aikin asid ɗin tsohon mai ne, in gefe ɗaya ya fi ci, a duba ko kwanrod ya karkace.

Borin, honin, girandin, sassaƙe fuskar tof da sa sabon bushin kamshaf, duk ba aikin gida ba ne. Na masu injin sassaƙa ƙarfe ne, kuma zaɓen wurin da za ka kai ya fi zaɓen fistin muhimmanci. Nemi wanda ya saba da tsofaffin injuna. Ka kai musu bulok da murafensa a ɗaure, karanshaf, kwanrod, tof da filawil. Su fara wankewa da gwada tsagewa kafin su yanka komai. Tsarin da ya dace shi ne su auna, su gaya maka girman da silinda za ta gyaru a kai, ka sayo fistin, ka kai musu, sannan su yi borin daidai da fistin ɗin da ke hannunsu. Wanda ya ce zai yi borin ba tare da ya ga fistin ba, ka ɗauki kayanka. Kuma ka ce a cire mafi ƙanƙantar abin da zai wadatar. In 0.020 zai share tabon, babu dalilin zuwa 0.060. Ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa, kuma wanda zai gyara injin bayanka yana bukatar abin da zai yanka.

Tof na B-series an san shi da tsagewa, musamman a tsakiya, wajen silinda ta biyu da ta uku. Dalilin yana cikin ƙirarsa: bawul ɗin fitar hayaƙi na waɗannan silindojin biyu suna maƙwabtaka, suna kuma zuba hayaƙinsu a rami guda, sai zafi ya taru a wuri ɗaya. Lallai a gwada shi kafin ka kashe masa ko sisi. Akwai kuma batun dalma. An ƙera injin ne lokacin da fetur yake ɗauke da dalma, wadda take kwanciya a mazaunin bawul ta kare shi. Ingila ta daina sayar da irin wannan fetur ga jama'a a shekara ta 2000, kuma a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina. Tsohon tof da ba a taɓa ba yana iya daɗewa da ragowar dalmar da ta shige shi, amma da zarar an gyara mazaunin bawul an kankare ta. Tunda tof ɗin yana hannun masu gyara, a sa masa mazauni mai tauri a ɓangaren hayaƙi guda huɗu, a duba gayid, wato bututun da sandar bawul take zirga-zirga a ciki, a huta.

Kamshaf da tafet, wato ƙarafunan da ke tsakanin kamshaf da fushrod, sukan ba mutane mamaki. Dubi ƙasan kowane tafet. Ya kamata ya yi santsi yana sheƙi. In ya yi ƙananan ramuka ko ya lotsa, shi da kamshaf duk sun tafi. Sabon kamshaf ba a haɗa shi da tsohon tafet, ko kusa. A nan ne masu sayar da kaya za su fara yi maka tallan kamshaf na tsere da babban kafireto. Shawarata ka bar injin yadda kamfani ya yi shi. Dokin da yake bayarwa, kusan 95, ya ishi mota mara nauyi irin wannan, kuma inji na farko da mutum ya haɗa ya kamata ya zama wanda littafi ya san lambobinsa. In wani abu ya ƙi daidaita, ka san inda za ka duba.

Kayan sun dawo daga masu sassaƙa suna ƙyalli, za ka ɗauka a wanke suke. Ba a wanke suke ba. Dutsen honin yana barin gari mai kaifi a cikin zanen bangon silinda, kuma fetur ko kananzir ba sa fitar da shi, sai dai su ƙara tura shi ciki. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ne maganinsa. Ka wanke, ka goga farin ƙyalle mai ɗan mai a bangon, in ya fito da toka-toka ka sake wankewa, har sai ya fito fari. Nan take ka busar ka shafa mai, don sabon ƙarfe yana fara tsatsa cikin mintuna. A cire matosan hanyoyin mai a zura siririn buroshi daga wannan kai zuwa wancan, haka ramukan cikin karanshaf. A cire marufan hanyar ruwa na gefen bulok a ƙwaƙule lakar nan da na ambata, a sa sababbi. In motarka tana da ƙaramin lagireton mai a gaba, ka sa sabo da sababbin tiyo. Tsohon ba ya wankuwa, kuma duk dattin da ya ɓoye zai juye shi kan sabon metal ɗinka a ranar farko. Injunan da aka haɗa a gida suka mutu da wuri, mafi yawansu datti ne ya kashe su, ba rashin iya ɗaure noti ba.

Wajen haɗawa kada ka yarda da kowa, har masu girandin da masu buga kaya. Akwai siririn zaren roba da ake kira Plastigauge. Ka ɗora guntunsa a wuyan karanshaf busasshe, ka ɗaure murfi da cikakken ƙarfinsa ba tare da ka juya komai ba, ka kwance, ka gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. A wannan inji tazarar mai tana tsakanin inci 0.001 da 0.0027. Kowane ringi ka zura shi a silindar da zai zauna ka auna bakinsa, na kamfireshan ana neman 0.012 zuwa 0.017 sai dai in takardar masu ringin ta faɗi wani abu dabam. In ya matse, zafi zai sa bakin ya haɗe ya karye, don haka a ɗan goge shi. Ringi yana da sama da ƙasa, a duba alamar, kuma a rarraba bakunansu kada su yi layi.

Gefen baya na metal da mazauninsa su kasance a bushe, fuskar ce kawai ake shafa wa man haɗi. Wasoshin da ke hana karanshaf zuwa gaba da baya suna men na tsakiya, kuma gefensu mai kwari yana kallon karanshaf ne. Men ana ɗaure shi a kusan Nm 95, tof kuma 61 zuwa 68, daga tsakiya zuwa waje, a mataki uku. Duk murfin da ka ɗaure, ka juya karanshaf da hannu. In ya yi nauyi bayan wani murfi, tsaya nan, matsalar tana wurin. Kada ka ce zai sake in ya yi aiki.

Tarko biyu ne suka fi kama sababbin hannu a wannan inji. Na farko gaskit ɗin famfon mai: kwalin gaskit yakan zo da iri biyu, na inji mai men uku da na mai biyar, sun yi kama ƙwarai, kuma wanda ba daidai ba yana hana famfo jan mai. Ɗora shi a jikin famfon ka ga kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Famfon kansa ka sa sabo, ka cika shi da mai kafin ka rufe. Na biyu shi ne sandar da ke juya dilko, mai rarraba wuta ga fulogi. Bayan ka haɗa ɗigon da ke jikin giyoyin sarƙar tayimin, kada ka ɗauka silinda ta ɗaya ce take kan wuta. Juya injin har fistin na ɗaya ya zo sama kuma bawul ɗinsa biyu duk a rufe, sannan ka zura sandar yadda littafi ya zana. In ka kuskure, komai zai yi kamar daidai, injin kuma ya ƙi tashi sai tari ta kafireto. Jerin wutarsa 1-3-4-2 ne.

Saitin tafet, wato tazarar da ke tsakanin roka da kan bawul, inci 0.015 ne a sanyi ga injin shekarar motarka. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙirga bawul daga gaba, 1 zuwa 8. Wanda ya buɗe gaba ɗaya, ka cire lambarsa daga tara, abin da ya rage shi za ka saita. Na 8 ya sauka, saita na 1. Na 6 ya sauka, saita na 3.

Sabon inji da tsohon tanki ba sa zama tare. A wanke tankin ko a canja, a sa sabon tiyo mai jure fetur ɗin yanzu da ake gauraya wa etanol, domin tsohuwar roba narkewa take yi, kuma a MGB kafireto yana saman manifol ɗin hayaƙi ne. Kafireto biyun, ƙirar kamfanin SU, ka kwance su ɗaya bayan ɗaya don kada kayansu su cakuɗe, ka sa sabuwar allurar fulot, ka girgiza sandar maƙogwaro ka ji ko tana wasa, don ta nan iska take satar shiga ta hana silo zama. Kada ka manta da ɗan man da ake zubawa a samansu. Dilko a sa masa sabon kwantak a kan 0.015, a tabbatar nauyin da ke cikinsa bai ƙandare ba. Fulogi 0.025. Lagireto a kai a wanke, famfon ruwa da tamostat sababbi.

Ranar tayarwa ka shirya komai tun kafin ka taɓa makulli, domin mintuna 20 na farko su ne rayuwar kamshaf. Irin wannan tafet mai shafaffen ƙasa yana gogar kamshaf da matsi mai tsanani, kuma abin da yake kare shi sinadarin ZDDP ne, wanda aka rage a yawancin man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙin sababbin motoci. Nemi 20W-50 na tsofaffin motoci ko man da aka yi musamman don sabon haɗi, ba sintetik ba. Cire fulogi, ka buga kik a gajerun zango har allurar mai ta motsa. In ba ta motsa ba bayan 'yan gwaji, kada ka ci gaba da niƙa, kana share man da ka shafa wa kamshaf ne. Kwance bututun mai ka ɗura ta nan, ka sake gwadawa.

Ka samu mutum na biyu da zai tsaya yana kallon yoyo, abin kashe gobara a kusa, ƙofar gareji a buɗe. Da ya kama, kada ka bar shi a silo. Kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, ka riƙe shi a nan kana ɗan hawa da sauka har minti 20, saboda da feshin man da karanshaf yake watsawa kamshaf yake samun rabonsa, kuma a silo feshin ba ya isa. Idonka a kan allurar mai da ta zafi. Hayaƙin fenti da mai da ke ƙonewa a jikin manifol ba abin tsoro ba ne. Ƙwanƙwasa mai nauyi ko faɗuwar allurar mai kuwa, kashe nan take. In ka kashe don gyara wani yoyo, da ka sake tayarwa ka koma kan juyin da kake.

Bayan nan ka zubar da man da zafinsa, ka canja filta, ka bar injin ya huce, ka sake bin notukan tof, ka sake saita tafet domin ɗaurin tof yana canja shi. Ringi kuma ba ya zama a gareji, sai a kan hanya, inda matsin wuta yake tura shi jikin bango. A kilomita 800 na farko ka riƙa canja gudu, ka taka da ɗan ƙarfi a giya ta uku ka saki ya ja kansa, kada ka wuce juyi 3,500 ko makamancin haka, kada kuma ka bar shi yana nishi a babbar giya. Sannan ka sake canja mai. Injin da ya haɗu daidai zai nuna maka psi 50 zuwa 80 a kan tafiya in ya yi zafi, ya sauko 10 zuwa 25 a silo.

Kafin wannan fitar ta farko, birki da tayoyin motar ma shekara 20 suka yi a zaune. Man birki ya sha ruwa, robobin cikin silindojinsa sun mutu, tayar kuma ko zanenta bai taɓu ba ta ƙandare. A canja tiyo da roba da man birki gaba ɗaya, har na kuloci, a sa sababbin tayoyi, sannan motar ta fita daga gareji.